Wa Zai Tsaya Wa Baƙo?

Tun da aka kafa Kasuwar Dawanau a 1985, gonakinmu suka fara komawa ɗakunan haya. Yau idan ɗan dako daga Maraɗi ya zo neman ɗaki, sai mu titsiye shi: Ina iyalinka? Wa zai tsaya maka? Mai unguwa ya san ka? Wannan ba laifi ba ne, domin duk wanda muka ba ɗaki, maƙwabci muka zaɓar wa unguwa. Amma a da, fatoma shi ke saukar da fatake, shi ne kuma mai tsaya musu. Mu kuwa, da dillalin riɗi ya dire kuɗin shekara biyu, sai bakinmu ya mutu. To jama'a, halin mutum muke bincike ko aljihunsa?