Hunturu Ba Ya Kashe Batir

Ɗana, kai da ke jan Hilux kana kwaso buhunan tattasai daga bakin Komadugu zuwa kasuwar Diffa, zauna in gaya maka abin da direbobi ke yi wa batir kowace safiya, sannan su koma suna zagin wanda ya sayar musu.

In sanyin Disamba ko Janairu ya sauka, mota ta yi nishi ta ƙi tashi, sai ka ji an ce hunturu ne. Hunturu asiri kawai ya tona. Zafin Afrilu da Mayu, sa'ad da ma'auni ke haura digiri 40, shi ne ya riga ya shanye ruwan batirin, ya ci dalmar da ke cikinsa. Shi ya sa batirin da zai yi shekara 5 a Faransa, a nan in ya cika 3 sai ka yi hamdala.

Motarka ta gazuwal ce, to in ka murɗa makulli ka dakata sai fitilar ɗumama inji ta mutu. Kashe rediyo da fanka da fitilu, ka take kuloci, sannan ka tayar. In ba ta kama ba cikin daƙiƙa 10, saki makullin, ka ba ta minti guda. Mai nacin murɗawa yana zuƙe batir yana kuma ƙona sitata, alhali wataƙila iska ce ta shiga layin mai. Cajin wayoyin ƴan unguwa da inji a kashe, wannan kam alheri ne da aljihunka zai biya.

Akwai ɗabi'ar da na fi tsana a tasha: a aro batirin wani a tayar da mota, sannan a zare shi inji na aiki a mayar da mataccen. Wutar da ke tsalle a wannan lokacin tana iya ƙona injin caji, a sababbin motoci har da kwamfutarsu. Nemi wayar haɗi, ja a kan ja.

Farar hodar nan da ke taruwa a kan batir, maganinta na kasuwa da arha. Jiƙa kanwar Manga a ruwan ɗumi ka goge kawunan, amma kada ɗigo ya shiga ramukan, don kanwa tana kashe asid. In ruwansa ya ja baya, ƙara masa ruwan batir na kwalba. Ruwan rijiya ko na kogi gishirinsa zai lalata shi. Ka kuma ɗaure shi tamau, girgizar hanya tana karya shi daga ciki.

Yaushe za ka sauya? Kai wa mai gyaran wuta ya auna da safe. Lafiyayye yana nuna bolt 12.6 inji a kashe, wajen 14 inji na aiki. In ya faɗi ƙasa da 9.6 yayin tayarwa, ko cikinsa ya kumbura, ko yana warin ruɓaɓɓen ƙwai, ko an yi masa caji kwana ɗaya ya sake kwanciya, ya gama aiki. Kada wani ya ruɗe ka da sauya masa asid.

A kan kwaltar Diffa zuwa N'Guigmi, in batir ya mutu turi yana ceton mutum. Da ka sauka yashi ta Toumour ka nufi Bosso da Yébi, wa zai tura mota da lodi? Kuma ka san wannan yanki tun dokar ta-ɓacin Fabrairun 2015: ba wurin da magariba za ta riske ka da bonet a buɗe ba ne, ga fasinjoji a baya. Sauya batir a Diffa tun yana ɗan motsi. Duba ranar ƙirar sabon, kada a ba ka wanda ya shekara a shago, ka ɗauki mai ƙarfin da ya dace da injinka, ka rubuta watan da ka saya a jikinsa da fenti.