Sunan da ke cikin fata

A kasuwannin Damargu, daga Gangara har Tanut, mai sayen raƙumi ba ya tsayawa ga maganar dillali. Sai ya zagaya dabbar, ya shafa wuya, ya duba cinya, yana neman alamar da masu ita suka ɗora da ƙarfe mai zafi. Bakin dillali yana iya juyawa kafin la'asar, alamar kuwa tana nan cikin fata.

Abin mamaki, manhajar kwamfuta ma tana da irin wannan shaida. A can cikinta an rubuta sunanta da na kamfanin da ya ƙera ta da lambar fitowarta. A tsarin .NET, wanda Microsoft ya fitar a 2002, lambar kashi huɗu ce da ɗigo a tsakani, kamar 2.1.0.7. Mai haɗa ƙunshin da zai girka manhajar a na'urar mutane yana iya kwafe lambar da hannunsa a bayan ƙunshin, ko ya sa kayan aiki irin su WiX su leƙa ciki su karanto ta. Mai kwafe da hannu, ranar da ya sabunta manhajar ya manta, sai ciki ya ce 2.3, waje ya ce 2.1. Windows Installer ma, mai girka ƙunshin a kwamfuta, kashi uku na farko kaɗai yake dubawa a lambar ƙunshin. In na huɗu kawai aka canza, a wurinsa tsohon kaya ne aka dawo da shi.

Wayar Android da samari ke tura wa juna manhaja da ita a rumfar caji ita ma ba ta ruɗuwa. A sauya wa fayil suna sau goma, za ta duba sa hannun maƙerin a ciki, in bai dace da na wadda ke kanta ba, ta ƙi ɗora sabuwar a kan tsohuwar.

Ɗan Adam shi ma rubutu biyu yake yawo da shi. Akwai na baki, Alhaji ko Malam, akwai wanda maƙwabta ke karantawa a hankali: mudun da yake auna gero, bashin da ya ci da bazara, ko ya biya da kaka. Wanda ke rubuta na wajensa daban, kullum yana cikin tuna abin da ya faɗa wa wane da wane. Tsohuwar da ta zo awo kuwa, yana ta rantsuwa, idonta na kan gindin mudun, inda aka ɗan buga shi ya shige ciki.