Faɗuwar Gaba Ba Rashin Bangaskiya Ba Ce



A kowace Misa, da zarar mun gama Addu'ar Ubangiji, Fada yakan miƙa hannuwansa ya ci gaba da roƙo a madadinmu, cikin abubuwan da yake roƙo kuwa har da cewa Allah ya tsare mu daga tashin hankali. Mun saba da jin wannan roƙo har kunnenmu ya daina kama shi. Amma a kan bencin da muke zaune akwai waɗanda wannan roƙo ya fi kowa shafa, suna ɗauke da wata wahala da suke jin kunyar faɗinta ko ga Fada, balle ga maƙwabci.

Ga yadda takan zo. Mutum yana cikin harkarsa, a kasuwa, ko cikin mota, ko a layin karɓar Jibi Mai Tsarki, ko ma yana barci da tsakar dare, sai gabansa ya yanke ya faɗi ba wani dalili da ido ke gani. Zuciya ta kama bugawa kamar za ta fasa ƙirji, numfashi ya sarƙe, gumi ya karyo, hannuwa su yi rawa, yatsu su mutu, jiri ya ɗebe shi, ya tabbata a ransa cewa mutuwa ce ta zo, ko kuwa hankalinsa ne zai gushe. Yawanci abin yakan kai maƙura cikin kamar minti goma, sa'an nan ya lafa a hankali, ya bar mutum a gajiye liƙis. Abin da ya fi firgitar kanta cin rai shi ne zullumin da ke biyo baya, watau zaman jiran ranar da za ta sake dawowa. Saboda wannan zullumi wani yakan daina shiga mota, wata ta daina zuwa kasuwa, wasu kuma su daina zuwa majami'a, mu kuwa mu ce sun ja da baya ga bin Ubangiji.

Likitoci sun san wannan ciwo, sun kuma san yadda yake aiki. Allah ya halicci jikinmu da ƙararrawar haɗari. In mutum ya yi karo da maciji a gona, wasu ƙananan halittu biyu da ke zaune bisa ƙoda sukan zuba wani sinadari mai suna adiranalin cikin jini, zuciya ta ƙara gudu, numfashi ya ƙaru, domin jiki ya sami ƙarfin tserewa. Wannan baiwa ce. A wurin mai wannan ciwo, ƙararrawar ce ke kaɗawa alhali ba maciji. Saurin numfashin nan kuma yakan fitar da iskar da ake kira kabon dayokzaid daga jini fiye da kima, shi ne ke kawo jirin da mutuwar yatsun, mutum ya ji su ya ƙara tsorata, tsoron kuma ya ƙara masa saurin numfashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 301 ne ke fama da cututtukan damuwa da fargaba, mata sun fi maza yawa, kuma kusan ɗaya cikin huɗu ne kaɗai ke samun magani. A yankunanmu ba ma bukatar a gaya mana inda wasu suka samo nasu. Wanda ya taɓa kwana a daji yana gudun 'yan bindiga, ko ya yi makonni yana jiran labarin ɗan'uwansa da aka sace, ƙarar babur da dare ko fashewar taya ta isa ta mai da shi cikin wancan dare. Wasu kuwa ba abin da ya same su, ciwon ne kawai ya zo, kamar yadda fuka ke zuwa.

To, me muke ce wa irin wannan ɗan'uwa? Wasu cikinmu sukan ce iska ce ta buge shi, ko jifa aka yi masa, a kwashe shi zuwa wurin boka ko gidan masu addu'a, a sa shi azumin kwana bakwai, a ce ya tono wanda ya yi masa asiri cikin dangi. Ta haka gidaje da yawa suka rabu a kan ciwon da ba hannun kowa a ciki. Wasu kuma, masu ganin sun fi wayewa, sukan buɗe masa Matiyu sura 6, inda Ubangiji ya hana mu damuwa a kan ci da sha da sutura, su ce da yana da bangaskiya da bai ji tsoro ba. Wannan maganar ta fi ta farko ciwo, gama ta ɗora masa nauyin laifi a kan nauyin ciwo. Abin da Ubangiji ya tsauta a kai a wannan sura shi ne zuciyar da ta ɗauki dukiya a matsayin ubangijinta. Bugun zuciyar da mutum bai kira ba, bai kuma iya tsai da shi ba, wani abu ne daban. Katikizim na Ikkilisiyar Katolika ya koyar a sashe na 1735 cewa tsoro da matsi da yanayin ƙwaƙwalwa suna iya rage alhakin mutum a kan abin da ya aikata, har su kawar da shi. Zunubi yana bukatar sani da yardar zuciya. Wa ya taɓa yarda numfashinsa ya sarƙe?

Mu je Getsamani. Markus ya gaya mana a sura 14 cewa a daren da aka bashe shi, Yesu ya shiga razana da matsanancin juyayi, ya faɗi ƙasa yana roƙon Uba. Luka, wanda Bulus ya kira likita, ya ƙara da cewa guminsa ya zama kamar ɗigon jini. Wannan shi ne Ɗan Allah, marar zunubi, wanda dogararsa ga Uba ba ta taɓa raguwa ba, amma jikinsa na mutuntaka ya ji tsoro kamar namu. Mu lura da abin da ya yi. Bai ɓoye ba. Ya ja Bitrus da Yakubu da Yohanna kusa, ya faɗa musu halin da ransa yake ciki, ya roƙe su abu ɗaya tak, su zauna a faɗake tare da shi. Bai nemi shawararsu ba, bai nemi wa'azi ba. Sau uku ya komo ya tarar suna barci. Duk lokacin da wani ɗan'uwa ya yi ƙarfin hali ya faɗa mana abin da ke damunsa muka ce masa ya manta kawai, barcin nan ne muke maimaitawa.

Haka kuma annabi Iliya a 1 Sarakuna 19. Bayan nasarar Dutsen Karmel, saƙon barazana ɗaya daga Yezebel ya sa ya gudu zuwa jeji, ya zauna a gindin itace yana roƙon mutuwa. Allah bai fara da tsawa ba. Ya bar shi ya yi barci, ya aiko mala'ika da abinci da ruwa, ya sake barinsa ya kwanta, ya sake ciyar da shi. Sai a Horeb ya yi masa magana, a can kuma ya sanar da shi cewa ba shi kaɗai ya rage ba, ya kuma ba shi Elisha abokin tafiya.

Ko waliyyai ba su tsira ba. Waliyi Faransis na Sales, yana ɗalibi ɗan shekara 19 a birnin Paris wajen 1586, ya yi makonni cikin fargabar cewa Allah ya riga ya yashe shi, ya kasa ci ya kasa barci, har ya rame, kafin ya sami sauƙi yana durƙushe gaban siffar Uwarmu Maryamu. Daga baya, da ya zama Bishop, ya kamanta mai damuwa da tsuntsun da ya faɗa tarko, wanda fizge-fizgensa ke ƙara ɗaure shi. Likitocin zamaninmu sun tabbatar da wannan. Kokawa da firgita ƙara mata ƙarfi yake yi.

Saboda haka, ɗan'uwa, 'yar'uwa, in abin ya zo, zauna inda kake. Gaya wa kanka ka san wannan baƙo, ya taɓa zuwa ya tafi, firgitar kanta ba ta kisa. Shaƙi iska ta hanci a hankali har ciki ya ɗago, ka riƙa fitar da ita ta baki a tsawon lokacin da ya fi na shaƙar, in ka ga dama ka kira sunan Yesu a zuci tare da kowane numfashi. Carbi a hannu yana taimakawa, gama yatsu suna samun abin ƙirgawa, hankali kuma ya sami wurin tsayawa. In ya wuce, kada ka ƙaurace wa wurin da ya same ka, domin kowace ƙaura tana koya wa jiki cewa lalle akwai haɗari a can. Koma da kaɗan kaɗan, tare da wanda ka amince da shi, ko da a bencin bakin ƙofa za ka fara zama. A rage goro da kofi da shayi mai kauri, suna tsokanar bugun zuciya. Giya da burukutu sukan kwantar da hankali da dare su ninka fargabar da safe, ƙwayoyin barcin da ake saye a kemis ba da takardar likita ba kuma sukan kama mutum ya kasa rabuwa da su.

Zuwa asibiti wajibi ne, musamman a karo na farko, domin ciwon zuciya, da ƙarancin jini, da faɗuwar sukari a jini, da ciwon halittar nan ta wuya wadda kumburinta ke kawo maƙoƙo, duk suna iya zuwa da irin waɗannan alamu, likita ne kaɗai zai bambance. In ya tabbata firgita ce, tana da magani, akwai na sha, akwai kuma na zama da ƙwararre yana koya wa mutum yadda zai fuskanci abin da yake gudu. Asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, ba na mahaukata kaɗai ba ne kamar yadda muke faɗi da baki. A Janairu 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Nijeriya, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta kuma hana nuna wa masu irin wannan lalura bambanci. Littafin Sirak sura 38 ya umarce mu mu girmama likita, ya kuma haɗa addu'a da magani a shafi ɗaya.

Saura aikinmu na jama'a. In abin ya kama wani a cikin majami'a, kada a yi masa zobe, kada a daka masa tsawar korar aljanu, kada a ɗura masa ruwa. Mutum ɗaya mai natsuwa ya fita da shi inda akwai iska, ya zauna kusa da shi, ya yi magana da murya ƙasa ƙasa, ya yi numfashi tare da shi. In akwai ciwon ƙirji mai tsanani ko suma, a garzaya asibiti. Abin da ya faru kuma kada ya zama abin hira a taron Zumuntar Mata ko a bakin rijiya.

Tun 1993, bisa ga umarnin Paparoma Yohanna Bulus na Biyu, Ikkilisiya take kiyaye 11 ga Fabrairu a matsayin Ranar Marasa Lafiya ta Duniya. Muna roƙon katikis da shugabannin ƙungiyoyi, kafin wannan rana ta zagayo, su duba waɗanda suka daina zuwa Misa ba a san dalili ba, su ziyarce su a gida biyu biyu, su tambaya a asirce, su kuma sanar da Fada domin ya kai musu Jibi Mai Tsarki har lokacin da za su iya dawowa da ƙafarsu.