Gani Ya Kori Ji, Amma Wane Gani?

Daga cikin karin maganar da magabata suka bar mana, da wuya a sami wadda ta kai "gani ya kori ji" karɓuwa a bakin jama'a, domin alƙali da mai ƙara, dillali da mai saye, malami da almajiri, duk sun yi ittifaƙi a kan cewa shaidar ido ta fi ta kunne ƙarfi. Dalilin wannan hukunci ba ɓoyayye ba ne: labari yakan ratsa bakuna da yawa kafin ya iso, kowane baki da ƙarinsa ko raginsa, alhali kuwa ido ba shi da ɗan aike tsakaninsa da abin da ya gani.

Sai dai an yanke hukuncin ne a zamanin da mutum ba ya ganin abu sai ƙafarsa ta kai shi wurin. Tun da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, daga baya kuma masu ɗaukar hoto suka game birni da ƙauye, aka wayi gari mutumin Darna Sabon Gari da ke yankin Illela yana zaune a ƙofar gidansa yana kallon abin da aka ce ya auku a Yamai ko Abuja, har ya rantse maka da idonsa ya gani. A nan shubuhar take. Bai san wanda ya ɗauki hoton ba, bai san ranar ba, bai san garin ba, sai dai abin da aka rubuta masa a ƙasa ko aka raɗa masa a saƙon murya na WhatsApp. Ji ne kawai ya ari rigar gani ya saka.

Mutanen Illela sun ɗanɗana wannan bayan 26 ga Yuli, 2023, ranar da sojoji suka tsare Shugaban Nijar Mohamed Bazoum, daga bisani Janar Abdourahamane Tchiani ya karɓi mulki, ƙungiyar ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi tare da barazanar yaƙi, aka kuma rufe iyaka tsakanin Illela da Birnin Ƙonni, wanda jama'arsa da tamu auratayya da ciniki sun riga sun ɗinke su tun kafin Turawa su ja layi. A makonnin nan, yayin da Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar da Janar Abdulsalami Abubakar suke zirga-zirgar sulhu, wayoyi sun cika da tsofaffin hotunan motocin yaƙi, waɗansu ma na wasu ƙasashe, ana cewa ga rundunar da za ta afka wa Nijar. Abin ta'ajibi shi ne, mutumin da ke iya hawa kabu-kabu ya je shingen kwastan ya duba da kansa, ba abin da zai tarar sai jerin manyan motoci da kaya suna lalacewa a rana, shi ne zai gaskata wani da ke Ikko a kan abin da ke faruwa a bayan gidansa.

Malamanmu na fiƙihu, Allah Ya saka musu, tun tuni suka gane cewa gani kansa yana bukatar a binciki mai shi. Dubi mas'alar jinjirin wata. A mazhabar Malikiyya ba a ɗaukar azumi don wani ya ce ya gani, sai adilai biyu sun shaida, ko kuwa jama'a mai yawa wadda ba zai yiwu ta haɗa baki a kan ƙarya ba. Shi ya sa fadar Sarkin Musulmi ba ta sanarwa sai kwamitinta ya tantance wane ne ya gani, a ina, a wane lokaci. Amma kowace shekara, tun ba a idar da sallar magariba ba, za ka ga hoton jinjiri yana yawo a Facebook, ba isnadi, ba sunan mai ruwaya, kuma ya sha faruwa Ƙonni ta yi salla yau Illela sai gobe, samari na ɓangarorin biyu suna jifan juna da hotuna kamar hoto ne zai raba gardamar da malamai suka gindaya wa sharuɗɗa. Su kuwa ma'abota hadisi, da za a kawo musu irin waɗannan saƙonni masu ɗauke da "an turo sau da yawa", ina kyautata zaton ko matsayin mai rauni ba za su ba su ba. Yanzu kuma ga ƙirƙirarriyar basira, wadda ke iya sa fuskar mutum da muryarsa su furta abin da bai taɓa faɗa ba.

Ban ce waya ba ta da fa'ida ba. A karar Illela dillali yakan ɗauki bijimi, ya nuna tozo da haƙora, ya tura wa mahauci a kudu, a yi ciniki, kuɗi su shigo ba tare da kowa ya yi tafiya ba. Amma a tambayi mahaucin me ya sa ya biya. Ba hoton ya saya ba, amanar dillalin da ya sani shekara da shekaru ya saya. Baƙuwar lamba ta turo masa bijimin da ya fi wannan ƙiba, ko sisi ba zai aika ba. Fatake sun riƙe ƙa'idar tantance mai labari a inda dukiyarsu take, suka sake ta a inda ake zancen siyasa da addini.

Ko labarin da yake gaskiya ma yakan zo da rabinsa. A ranar 13 ga Maris, 2024, Shugaba Bola Tinubu ya ba da umarnin buɗe iyaka, nan take saƙo ya karaɗe wayoyi cewa an buɗe boda, kuma ba ƙarya aka yi ba. Sai dai hukumomin Nijar ba su ɗage nasu shingen ba sai bayan mako guda da 'yan kwanaki. A tsakanin nan, direban da ya ɗora kaya bisa dogaro da waya ya tarar da hanyar Ƙonni a rufe, wanda kuwa ya tsaya ya tambayi ɗan kabu-kabun da ya dawo daga can da hantsi, ya bar motarsa a tasha.