Tambayar shugaba game da baitulmali: fitina ce ko amana?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah.

Bayan haka, ƴan uwa Musulmi, wasu na cewa bin diddigin kuɗin gwamnati rashin ladabi ne ga shugabanni. Mu dubi abin da magabata suka yi.

Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Annabi (SAW) ya binciki Ibnul Lutbiyya, mai karɓar zakka, ya hana shi riƙe abin da ya kira kyauta. Sayyidina Umar yakan rubuta dukiyar gwamna ranar naɗinsa, domin a gane abin da ya ƙaru daga baya. Ke nan bincike sunna ne.

A ƙasarmu, taron ƙasa na 1991 a Yamai ya kafa kwamitin binciken laifuffuka da cin dukiyar al'umma. Tsarin mulkin 2010 ya ba depitoci ikon amincewa da kasafin kuɗi da kiran minista ya amsa tambaya. An rushe majalisar a 2023, amma haƙƙin bai faɗi ba, domin lanhon da manomin Tasawa ya biya amana ce.

Sharaɗi biyu ne: mai tambaya ya zo da hujja, kada ya yi ƙazafi, mai riƙe da kuɗi ya buɗe littafi. Wanda ya yi shiru don tsoro ko don an toshe masa baki, yana da rabo cikin zunubin.

Allah ya sa mu dace. Wassalamu alaikum.