Lambar da Aka Kankare

Duk wanda ya taɓa buɗe cikin inbata ko na'urar ƙara sauti da aka haɗa a gida, irin waɗanda ake yi wa masallatai da majami'u a Sabon Garin Zariya, ba mamaki ya ci karo da wani ɗan baƙin abu mai ƙafafu takwas ko goma sha shida, an kankare rubutun da ke bayansa. Rubutun nan shi ne lambarsa, da ita ake gane shi a kasuwa. Wanda ya haɗa na'urar ne ya kankare ta da gangan, don kada wani ya gane yadda ya yi. Shin yana da haƙƙin yin haka? Wanda kuma ya bi diddigi ya gano sirrin, koyo ya yi ko sata?

Aikin kansa ba boyayye ba ne. Ɗaliban injiniya na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru sun san shi, musamman masu aikin kammala karatu. Ana samo allo mai fuskar tagulla, a buga zanen hanyoyin wuta a takarda mai sheƙi, a kifa ta a kan allon, a danne da dutsen guga mai zafi har tawadar ta manne. Sai a tsoma allon cikin ruwan wani sinadari mai launin tsatsa, ya cinye duk tagullar da tawada ba ta rufe ba. Abin da ya rage shi ne hanyoyin. A huda ramuka, a jera taransisto da sauran kayan, a liƙe su da dalma. Wannan kowa zai iya koya cikin mako guda. Abin da ake ɓoyewa shi ne wane kaya aka zaɓa, aka haɗa shi da wane.

Masu kiɗan jita a Amurka sun ga irin wannan rigima. A 1994 wani mutum mai suna Bill Finnegan ya fara sayar da wani ƙaramin akwati da makaɗi ke takawa da ƙafa don muryar jitarsa ta yi kauri, ya sa masa suna Klon Centaur. Da hannunsa yake haɗa su ɗaya bayan ɗaya, sannan ya malala baƙin ƙaro a kan allon don kada a ga kayan. Shekaru da dama sirrin ya riƙe. Daga baya wasu masu sha'awar aikin suka ɓare ƙaron, suka zana taswirar, suka watsa a intanet. Yau kamfanoni barkatai na sayar da kwafinsa da araha, na asalin kuwa kuɗinsa ya kai dubban daloli.

Mai ɓoyewa yana da hujja, kuma bai kamata a raina ta ba. Ya yi watanni yana ƙona kaya da kuɗinsa kafin na'urar ta tsaya. Ba shi da lauya, ba shi da kuɗin yi wa ƙirƙirarsa rajista. Finnegan suna ya cece shi, amma mai gyara a Sabon Gari ba shi da irin wannan suna. Idan maƙwabcinsa ya kwafi aikin a yini ɗaya ya karya farashi, tuwon gidansa ne ya ragu. Al'adarmu ma ta san da wannan. Maƙera da wanzamai da majema ba kowa suke buɗe wa sirri ba. Yaro yakan yi shekaru yana hidima kafin a yaye shi, wato da lokacinsa da ƙarfinsa ya biya kuɗin ilimin.

Mai kwaikwayo shi ma da tasa hujjar. Kayan da aka kankare wa lamba ba mai haɗawar ne ya ƙera shi ba. Kamfanin da ya yi shi ya wallafa bayaninsa kyauta, har da misalin yadda ake haɗa shi. Mafi yawan na'urorin ƙara sauti da ake yi a gida daga irin waɗannan misalai suka samo asali. Mu masu rubuta manhaja mun fi kowa sanin wannan bashi. Linux, wadda Linus Torvalds ya fara a 1991, a buɗe take ga kowa, kuma a kanta aka gina wayar Android da ke aljihun mai gyaran kansa. Wanda ya sha ruwa a rijiyar gari, da wuya ya samu bakin cewa tulunsa ba na taɓawa ba ne.

Sai dai duk wannan ja-in-ja ta manta da mutum na uku, wato mai saye. Kwamitin masallaci ya tara kuɗi ya sayi na'ura. Bayan shekara biyu ta ƙone, wanda ya haɗa ta ya koma Kaduna ko ya rasu. An kai wa wani mai gyara, ya buɗe, ya ga babu lamba. Kayan da ya mutu ƙila bai fi kuɗin abincin rana ba, amma dole a jefar da na'urar gaba ɗaya. A nan ɓoyon ya daina zama kariya daga abokin gasa, ya zama haraji a kan wanda ya amince da kai ya ba ka kuɗinsa. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wanda ya sayar da na'ura ya sayar har da damar gyara ta.

Saboda haka, a ganina, iyakar a nan take. Mai sana'a ba dole ne ya koya wa kowa dabararsa ba. Yadda yake gwada kaya, yadda yake zaɓe, abin da kunnensa ke ji, duk nasa ne, ya ba wanda ya ga dama. Amma abin da ya riga ya fita daga hannunsa zuwa hannun mai saye, bai dace ya makantar da shi ba. Shi ma mai kwaikwayo akwai haƙƙi a kansa. Ya buɗe ya koya, babu laifi, haka duk wani gwani ya fara. Amma ya faɗi inda ya samo, kada kuma ya manna sunan wani a kan aikinsa. Satar tana cikin ƙaryar, ba cikin koyon ba.

Wani zai ce wannan ƙa'ida ta fi nauyi a kan ƙaramin mai sana'a, tunda manyan kamfanonin waya ma suna liƙe kayansu don kada a gyara. Gaskiya ne, shi ya sa ake ta fafutukar 'yancin gyara a Turai da Amurka. Amma kasuwar gyara ta Sabon Gari tana raye ne don ana iya buɗe abin da wasu suka ƙera a karanta. Ranar da kowa ya kankare lambarsa, mai kankarewar ma ba zai sami abin gyarawa ba.