Wa ke tada ka da asuba?

Ƴan uwana ɗalibai, wata tambaya ta jima tana damuna: ga Kirista a ƙasarmu, wace rana ta fi wuya, ranar wuta ko ranar Talata?

Ranar wuta kowa ya san ta. Ran 16 ga Janairu 2015 anka ƙone majami'u a Damagaram, washegari kuma a Yamai, saboda zanen wata jaridar Faransa da galibinmu ba mu taɓa ko riƙe ta ba. Ina yaro lokacin, amma na tuna yadda manya sunka yi addu'a a gidanmu nan Tawa, har da waɗanda sunka shekara ba su taka ƙofar majami'a ba. Tsoro ya kan tada mai barci.

Ranar Talata fa, ba wuta, ba mai kallonka. Ga zafi, ga jarabawa, ga kuɗin abinci sun ƙare. Littafi Mai Tsarki yana nan cikin jaka, da Hausarmu ma, tunda an gama fassara shi tun 1932, amma hannu waya yake kai wa. Ni kaina na taɓa yin wata biyu cur ban buɗe shi ba, kuma ba wanda ya hana ni.

Abokin ɗakina Musulmi ne, ɗan wajen Keita. Sau biyar a yini ladan na kiransa, gari duka na tashi tare da shi, ko ya yi kasala akwai mai buga masa ƙofa. Mu ba mu da ladan. Daga Lahadi zuwa Lahadi, kai da Allahnka. Da farko haushin abin nake ji, in ja bargo in ce an tada ni. Daga baya na ce, to, tunda na farka, me ya hana? Yanzu in ya ɗauki buta, ni in ɗauki Littafi. Ya sani, bai taɓa ce mani komi ba, sai dai wata safiya da na makara ya taɓa ƙafata ya ce: "Malam, tashi, lokacinka ya yi."

Wani zai ce, ai wannan al'ada ce kawai, addu'ar da zuciya ba ta ciki me amfaninta? Maganar tana da nauyi, don akwai safiyar da nake karatu kamar mai tauna ƙaiƙayi. Amma dubi manoman Adar. A kan fako, inda ruwa ke gudu bai shiga ƙasa, da rani suke gina tassa, rami bayan rami, su zuba taki, sama ko gajimare babu. Wanda ya jira sai ruwa ya sauka kafin ya ɗauki hauya, ruwan zai wuce shi. Haka matan Keita sunka ɗauki duwatsu a ka daga 1984, ana jera su a kan tuddai. Ramin ba ya kawo ruwa, alherin Allah ma ba a sayen shi da yawan addu'a. Aikin ramin shi ne ya riƙe in ya zo.

Inda na fi jin tsoro shi ne naciya ta rikiɗe ta zama taurin kai. Mutum in yana cikin ƴan tsiraru, sauƙi ne gare shi ya riƙe addini kamar katanga, ya dinga ƙirga laifin maƙwabta. Asibitin Galmi, da mishan SIM ta buɗe a 1950, yawancin waɗanda ke kwanciya cikinsa Musulmi ne, kuma ana wanke masu gyambo kullum, har bayan 2015. Da wannan mudu nake auna kaina: bayan wata shida ina tashi da asuba, na rage yi da mutane? Na biya bashin mai shago? A jarabawa na bar leƙen takardar wani?

Biyu na farko, da sauƙi-sauƙi. Na ukun, satin da ya wuce ma idona ya kai, na maido shi da ƙyar. Gobe Talata, akwai wata jarabawar da ƙarfe takwas.